Gishirin da Jibirin Mai Rediyo Ya Ƙara

A Madadi in ka ce Jibirin, sai an tambaye ka wanne. In ka ce Mai Rediyo, kowa zai nuna maka hanyar da ya bi da safe.

Da can a wata masaƙa yake aiki a Kano. Lokacin ostariti, da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, rana ɗaya aka sallame su. Ya dawo gida da keke da rediyo. Keken bai ga damina biyu ba aka sayar aka ci tuwo, kuma tun daga ranar ya rantse shi da shiga mota har abada. Ya kama koli: allura, zare, batir, man zafi. Kaya a ka, rediyo a kafaɗa, yau Kara, gobe Gwarzo, jibi Kabo, duk a ƙafa. Shekara ashirin yana wannan yawo.

Ba don kolin ake marmarin zuwansa ba, don labari ne. Da ya sauke kaya a majalisar 'yan acaɓa ƙarƙashin darbejiya, sai ya buɗe musu duniya: abin da Amurka take yi a Iraƙi, dalilin da fetur ya sake tashi.

"Mu da ake haƙo man a ƙasarmu, mu ne a ƙafa," in ji shi. "Ni ai tuni na yi wa gwamnati yajin aiki, ita ce ba ta sani ba."

Aibinsa ɗaya. Labari ba ya fita bakinsa yadda ya shiga kunnensa, sai ya ƙara masa gishiri.

Bayan an kafa shari'a da 'yan shekaru, rediyo ta ce a cikin birnin Kano an hana 'yan acaɓa ɗaukar mata. Iyakar abin da aka faɗa kenan. Amma da Jibirin ya iso darbejiya, dokar ta yi ƙiba.

"Har ƙauye fa. Kowace mace, ko kakarka ce. A ƙwace babur, a zane ka a tsakiyar kasuwa."

Jalo, wanda babur ɗinsa ke ciyar da mutum tara, ya ce, "Baffa, da kunnenka ka ji?"

"Ni da rediyo nake kwana. Kai da me kake kwana?"

Aka yi dariya, aka kuma yarda.

Sati bai zagayo ba aka yi shela: likitocin ido za su zo Gwarzo ranar Laraba, aikin cire yanar ido kyauta, yini ɗaya tak. Inna Hajaratu, mahaifiyar Jibirin, shekara uku ke nan yanar ido ta hana ta gani, da lalube take gane ƙofar ɗakinta. Mota kuwa ba ta shigowa unguwarsu sai ranar kasuwa.

Laraba da sassafe ya tari Jalo yana goge babur.

"Inna za ka kai min Gwarzo."

"Inna mace ce, Baffa."

"Tsohuwa ce, haba. Ta haifi ubanka."

"Ko kakarka ce, ka ce. Ina nan zaune ka faɗa."

Ya bi sauran 'yan acaɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya maimaita masa maganarsa, har da yadda ya ɗaga yatsa. Abin da zai warware komai kalma uku ce: ni na ƙara. Ta zo masa har maƙogwaro, ya kalli mutanen da shekara ashirin suke cewa "in ji Mai Rediyo", ya haɗiye ta.

Sai ya miƙa wa Inna bakin sanda, ya riƙe ɗaya bakin, suka kama hanya.

Hanyar da yake cinyewa kafin hantsi, ranar ta ƙi ƙarewa. Inna ta yi taku hamsin ta nemi inuwa. Babura suna wuce su fayau, ba fasinja, suna gaisuwa. Shi ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, don haka ta ce:

"Kai wannan, wai wace doka ce ta hana makauniya hawa babur?"

"Haka aka ce, Inna."

"Wa ya ce?"

Ya yi kamar ƙaya ce ta soke shi, ya duƙa yana duba takalmi.

Bayan la'asar suka isa. Ana naɗe rumfa, ana loda akwatuna a mota. Wata ma'aikaciya ta dubi ƙafafun Inna da suka kumbura, ta dubi Jibirin.

"Malam, tun azahar kati ya ƙare. Jibi muna Kabo, daga nan sai baɗi in an samu tallafi. Amma don Allah kada ka sake jawo ta a ƙafa."

Suka kwana gidan wani abokin kolinsa. Washegari ya bar Inna a can, ya taka shi kaɗai ya koma Madadi, rediyo a kashe. Ya tarar da majalisa ta cika. Bai zauna ba.

"Maganar acaɓa. Birni kawai aka ce. Ƙauye, da bulala, da kaka, ni na ƙara."

Jalo ya ce, "Sati guda ina ƙin ɗaukar mata a hanya, Baffa. Matata ma a ƙafa ta je suna." Ya tashi ya buga babur. "Don Inna zan je, ba don kai ba. Hau."

"Na rantse ba na shiga mota."

"Wannan babur ne. Amma in ka ƙi, taka da ƙafa, ka saba."

Ido ɗaya aka samu aka yi wa Inna aiki a Kabo, ɗayan sun ce ya riga ya lalace. Da aka cire bandeji ta daɗe tana kallon Jibirin, sannan ta ce, "Kai wannan, ashe ka yi furfura."

Har yau yana yawonsa, yana kawo labarin duniya darbejiya. Sai dai ko cewa ya yi an ga wata, sai wani ya ce, "Baffa, miƙo rediyon mu ji da kanmu."