Haƙorin Da Na Hana A Cire

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban leƙo nan ba. Masu cigiyar ɗinkinsu, ku yi haƙuri, ba guduwa na yi da atamfofinku ba. Jinya na yi.

Haƙorin sama ne na hagu ya yi kogo. Likitan haƙori ya duba ya ce a cire, na ce sai na yi shawara.

A gidanmu na Ƙofar Kwaya ba a cire haƙorin sama, wai jijiyarsa haɗe take da ido. Hujjarmu Gwaggo Rabi, wadda ta cire nata shekarar da soja suka miƙa mulki, daga baya ta makance. Ba wanda ya taɓa kawo zancen ciwon sugan da ta daɗe tana fama da shi. Inna, mahaifiyata, ta ce kada in kuskura.

Ni tela ce, da ido nake ci. Sai na koma wa kanumfari da ruwan gishiri da ƙwayoyin kemis.

Bayan sati uku kunci ya haye. Wata Laraba na ɗauki allura zan zura zare, na ga allura biyu. Kafin la'asar idon ya turo waje, ga zazzaɓi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Maigidana bai tsaya jin ta bakina ba, sai asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi hoton kai, aka ɗaura ruwa. Likitar ta daɗe tana kallon hoton.

“Hajiya, mugunyar haƙorin ce ta hau ta taru a bayan ido. Da an cire shi tun farko, da ba a kai nan ba.”

Aka yi tiyata aka zuƙe mugunyar, aka cire haƙorin. Kwana goma sha shida ina kwance, allura safe da yamma. Ɗaya daga kekunan ɗinkina ya tafi a kuɗin magani.

Inna tana bakin gado tana share hawaye. “Ni na hana ki, ɗiyata.” Na ce a'a. Ni na ji likita da kunnena, na zaɓi labarin Gwaggo. Wannan ne ke cina har yau.

Alhamdu lillahi na tashi. Na gode wa likitoci, da maigida, da ku masu addu'a.

Don Allah, in haƙori ya kumbura fuska, ko ido ya fara ciwo tare da shi, kada ku kwana a gida. In likita ya ce a cire, ku bari a cire.

Ni na hana a cire haƙori don in tsare ido. Haƙorin ya tafi, idon hagu kuma dishi-dishi kawai yake gani. Yanzu sai an zura mini zare.