Ramukan da Yayana Ya Toshe

Mu gidan maƙera ne, kuma a gidanmu babu abin kunya irin a ce aikinka ya yi lako-lako. Yayana shi ya fi kowa riƙe wannan. In ya ɗaura wa fartanya ƙota, sai dai ƙotar ta karye, ba dai ta fita ba.

Shekarar da Turawa suka kawo ƙarafan sito na auduga Kontagora, shi aka ɗauka ya shugabanci masu haɗawa. Ni ina da shagon ɗinki a kusa, komai a kan idona aka yi. Dogon gini ne, ginshiƙan ƙarfe a jere, tsakaninsu an gicciya wasu ƙarafa don su tokare shi kada iska ta kayar. A bakin kowace tokara akwai ramin da ƙusa mai noti ke shiga. Sai dai ramukan gefe guda ba zagayayyu ba ne, dogaye ne kamar ƙwayar dabino. Baturen aikin ya nuna a ɗaure notin nan sama-sama, ya hau motarsa ya tafi. Bai faɗi dalili ba, kuma a zamanin wa ya isa ya tambayi Bature dalili?

Yaya ya yi yadda aka ce, ransa ba ya so. Da aka rufa kwano, sai sito ya fara kuka. In rana ta take, ka ji ƙas, ƙas, ƙarfe na zamewa cikin raminsa. Da yamma in gari ya yi sanyi ya sake. Mutanen kasuwa kuwa abin nema ya samu. Wani mahauci abokin wasanmu kullum sai ya tsaya a ƙofar maƙera.

"Maƙeri, ɗan naka ya tashi da kuka yau ma. Ko yunwa yake ji?"

Yaya ya yi dariyar yaƙe, amma na san abin yana cinsa. Wata rana ya ce mini, "Ƙanena, su ma Turawan nan mutane ne, suna kuskure. Ramin ya yi wa ƙusar yawa, shi ke nan."

Na ce, "Yaya, ko a jira Baturen ya dawo?"

"In jira har sunan gidanmu ya zama abin waƙa?"

Lokacin sanyi ne. Ya ƙera guntayen ƙarfe daidai kowane rami, ya cusa su da guduma, ya ɗaure notin tam har sifanar da yake ɗaurewa da ita na lanƙwasa. Aiki ne mai kyau, wallahi, ko allura ba za ta shiga ba. Sito ya yi tsit. Mahaucin nan da kansa ya aiko da tsire.

Sai bazara ta zo da zafinta. Ashe ƙarfe in ya sha rana miƙewa yake, dogayen ramukan nan wurin miƙewarsa ne. Da ya rasa inda zai je, tokarun suka gantsare kamar baka, suka ture bangon gabas. Ana sallar azahar bangon ya rufta. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki.

Baturen ya dawo, ya sa aka ciro guntu ɗaya, ya jujjuya shi a hannu, har ya yaba ƙirar. Sannan ya yi wa tafintansa bayanin miƙewar ƙarfe, bayanin da bai fi tsawon shan ruwa ba. Har yau in na tuna ina jin haushi da baƙin ciki: da ya faɗi wannan tun farko, da Yaya ya gane, maƙeri ne fa, ya fi Baturen sanin abin da wuta ke yi wa ƙarfe.

Ba a ɗaure Yaya ba, ba a ci tararsa ba. Mutane ne kawai suka riƙa wuce maƙerarsa da aikinsu, suna gaishe shi da ladabi fiye da da. Damina na faɗuwa ya kwashe iyalinsa ya koma noma a Sahon Rami. Da na kai masa ziyara, na tarar garmarsa ta karye, ya aika da ita wurin maƙerin ƙauyen.