Gaisuwar da ban amsa ba

Sau uku na zauna wa takardar jarrabawar nan. Ita kaɗai ta rage mini in karɓi digirina, kuma jami'a ta ce wanda ya faɗi ta uku sai ya koma farko. Ina da shekara arba'in a lokacin zama na ukun, da 'ya'ya huɗu, da aikin ofis a Dapaong wanda ya ƙi gaba ya ƙi baya. Karatun daga nesa muke yi, jarrabawa kuma sai mu gangaro Sokodé, a wani zaure da aka aro mana. Na iso ƙafafuna a kumbure saboda zaman mota.

Zauren jarrabawa ba ya rasa masu cin rai. Akwai mai ƙwanƙwasa bik ɗin rubutunsa a tebur, akwai mai jan hanci tun daga tambaya ta ɗaya har ta ƙarshe, ga wata da ta zubo awarwaro kamar za ta gidan suna. Duk na saba da su. Wanda ban saba da shi ba shi ne mai tsaronmu na wannan shekarar, wani siririn malami da ya tsaya ya ce duk bakin da ya motsa, ko da salati ne, zai karɓe takarda. Kafin a yi minti goma ya karɓe ta wani da ya roƙi aron magogi. Babu wanda ya ƙara tari.

Da sunan dangi ake jera mu. Kujerar damata babu kowa, ban kuma kula da sunan da aka manna mata ba. An raba tambayoyi, na fara rubutu, sai ga mutum ya shigo a makare yana jan takalmi. Baffana ne, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni shekara shida a gidansa na unguwar zango nan Sokodé lokacin ina kwalej. Ban san ya shiga karatun ba. Ga abin da ya fi muni: matarsa ta rasu wata biyar da suka wuce, ni kuwa ta waya kawai na yi ta'aziyya, ina ta cewa zan zo.

Ya zauna, ya gyara hula, ya juyo.

"'Yata, ke ce? Sannu da hanya. Yaya Dapaong?"

A hankali ya faɗa, amma ni na ji kamar a lasifika. A gidanmu ba a amsa wa Baffa a zaune, sai an durƙusa. Mai tsaro yana layi biyu a gabanmu, ya ba mu baya. Na sunkuyar da kai.

"Yaya yara? Maigidan fa?"

Na ci gaba da rubutu. Wallahi ban san abin da na rubuta a layukan nan ba. Haushinsa nake ji, shi da ya yi shekara talatin yana koyarwa, ya san doka sarai. Haushin kaina kuma ya fi. Ko kai ban gyaɗa ba, don tsoron kada a ce alama ce.

Ya jira kaɗan. Sai na ji ya ce, "To, madalla," irin yadda ake cewa idan an amsa maka. Ya juya ga takardarsa. Da awa ɗaya ta cika ya miƙa takardarsa ya fita, ni na zauna har aka ce a ajiye bik.

Da la'asar na tafi gidan Baffa, na tsaya na sayi goro a hanya. Na tarar da shi a kan tabarma a tsakar gida, gwaggona, yayarsa, tana gefe tana tsince shinkafa. Na durƙusa na yi gaisuwa, na yi ta'aziyyar da ta daɗe a kaina. Ya amsa komai daidai, babu abin da ya rage.

Da jin jarrabawa ce ta kawo ni, Gwaggo ta ce, "Ashe sal ɗaya kuka yi, zaure guda? To kun gaisa can ke nan."

Na buɗe baki zan amsa. Baffa ya riga ni.

"A'a, Yaya. Wurin da girma, mutane da yawa. Ban gan ta ba."

Ya miƙa mata goron ya ce ta raba wa maƙwabta. Na ci jarrabawar, sakamakon ya same ni a ofis bayan wata biyu. Shi bai ci ba, bai kuma sake zama ba. Ina zuwa Sokodé duk salla, muna hira, yana tsokanar yarana. Sau biyu na ɗauko zancen zauren don in ba shi haƙuri, sau biyun yana cewa shi bai tuna ya gan ni ba.