Inci Ɗaya a But ɗin Jar Mota

Tef ɗin awon da ke rataye a wuyan Anti Tela ya yi baƙi daga inci talatin zuwa arba'in. Masu kawo ɗinki ba su lura ba, su dai a gama musu kaya. Baƙin kuwa na dattin but ne, wato wurin zuba kaya a bayan motoci, don wata uku ke nan duk Asabar sai ta rufe shago ta tafi filin da ake sayar da su.

Shekararta ashirin da biyu tana taka keken ɗinki a shago mai taga ɗaya. Ta tagar nan ta kamu da son ƙananan motocin nan marasa jela, masu ƙofar baya da ake ɗagawa sama, waɗanda kafin babbar mota ta gama shawarar tashi sun sha kwana. Ko ba ta ɗago kai ba, daga ƙarar salansa takan gane wacce ta wuce.

"Ke da girmanki, motar samari?" in ji yayanta. "Ki nemi babba mai mutunci."

"Yaya, mutunci ai a jikin direba yake."

Sharaɗi ɗaya ta gindaya wa kanta. Inna, mahaifiyarsu, ba ta iya takawa tun faɗuwar da ta yi bara, kuma duk Talata ana kai ta asibiti gashin ƙafa a keken guragu mai naɗewa. Motar da ba ta ɗauki keken nan ba, ba za ta shigo gidan ba.

Ta gwada wata fara mai faɗin but, amma in an taka ta sai ta yi kamar an tashe ta daga barci. Wata shuɗiya akwai gudu, sai dai ta yi ƙasa da yawa, in Inna ta zauna sai an yi gayya kafin a ɗago ta. Sai ja. Ranar da ta kama sitiyarin jar nan ta sa giya ta uku, dillalin da ke gefenta ya dafe kujera, ita kuwa murmushi har kunne.

Ta auna but: talatin da takwas. Keken Inna a naɗe, talatin da tara. A wurin tela inci ɗaya ba abin magana ba ne, a ɗan ja, a bi da guga, ya zauna. Ta ce ta saya.

Ranar ɗauka ta zo da Inna da Yaya. Aka zaunar da Inna a gaba, aka naɗe keke aka tura cikin but. Ƙofa ta ƙi rufuwa. Aka juya shi, ta ƙi. Yaya ya danna da gwiwa har hularsa ta faɗi.

"To, Anti," ya ce yana haki, "sai ki ɗauko dutsen guga."

Dillali ya gyara murya ya nuna wata doguwar mota ruwan toka. "Hajiya, waccan har keke biyu za ta ci."

Anti Tela ta dubi doguwar, ta ji kamar an ce ta auri wanda ba ta so don yana da kirki. Ta fitar da keken, ta zura kai cikin but, tana shafa gefensa da yatsu yadda take shafa cikin rigar da ta matse, tana neman inda aka bar rara. Can ta hagu ta ji wani murfin roba yana motsi. Ta sa farce ta ɓalle shi, sai ga rami mai zurfin inci biyu, babu komai a ciki sai tsohon tsumma.

"Duk wanda ya iya aiki yana barin rara," ta ce.

Hannun keken ya shige ramin, ƙofa ta rufe ruf. Yaya ya kakkaɓe hularsa ya lallaɓa kujerar baya, gwiwoyinsa a ƙirji.

Ta fito titi a hankali saboda tsohuwa. Ba su yi nisa ba Inna ta dube ta.

"Ke, haka za mu yi ta rarrafe? Keken nawa ma ya fi wannan sauri. Taka mana."

"Inna, kada ki zuga ta," in ji Yaya.

Ta taka.

Bayan ta sauke su gida ta koma shago, ta ajiye motar daidai taga, ta zauna ta kalmashe ƙafar wandon wani malamin makaranta da ya ce zai zo karɓa ƙarfe biyar.