Aron Suna a Lokacin Dashe

An sace mini suna, kuma har yau waɗanda suka yi sakaci da shi ba su ba ni haƙuri ba. Ni ma ban haƙura ba. Wani ƙato da ban taɓa gani ba ya ci bashi da sunana ya yi tafiyarsa, ya bar ni da irin shinkafa yana tsufa a bakin kogi.

Sai da na yi jika kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Kafin nan, duk inda aka ce a sa hannu, babban yatsana ake kamawa a dangwala a tawada, kamar an riƙe akuya za a yi mata allura. Ranar da na fara rubuta sunana da kaina, haruffan sun karkace kamar darni bayan ambaliya, amma dai nawa ne. Saboda haka in na yi zafi a kan wannan magana, a ƙyale ni.

Ina noman shinkafar rani a wata 'yar fadama ta hanyar Guri, wadda maigidana ya bari, Allah ya jiƙansa. Noman rani kuwa ba ya yiwuwa sai da injin ban-ruwa. Injina na farko a hannun wani kamfani na karɓa, masu ba manoma kaya a biya bayan girbi. Ranar rajista babu abin da ba su tambaye ni ba: lambar katin ɗan ƙasa, lambar banki, lambar waya, garin da aka haife ni. Suka ɗauki hotona. Sannan yarinyar da ke danna kwamfuta ta ce, "Mama, sunan mahaifiya?"

Mu asalinmu na ruga ne, ko da yake kakanmu ne na ƙarshe da ya bi shanu. A gidanmu ba a kama sunan uwa. Inna muke cewa. Babanmu ma har ya bar duniya ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba.

Na ce, "Me Inna ta yi muku? Ita za ta tayar da injin?"

Ta yi dariya ta ce don tsaro ne, don kada wata rana wani ya zo ya ce shi ne ni. Bakina ya ƙi faɗa. Sai na ari bironta na rubuta a tafin hannuna na nuna mata.

Na biya su bayan girbi, muka rabu lafiya. Injin ya yi mini shekaru yana aiki, har sai da ambaliya ta kwana a kansa, ya mutu murus.

A kakar da ya mutu ne muka ji a rediyo cewa ɓarayi sun kutsa cikin kwamfutocin wani babban kamfani mai tara bayanan duk wanda ya taɓa cin bashi, a banki ne ko a irin kamfanin injina. Ashe abin da ka faɗa wa wannan, miƙa wa wancan yake yi. Ni ban san da su a duniya ba, su kuwa sun san da ni. Muna tsakar gida a lokacin, ni da yayata, muna gyaran kifin banda.

Yaya ta ce, "To me suka ɗiba? Kuɗi?"

Na ce an ce sunaye ne da lambobi.

Ta ce, "Ɓarayin zamani ba su da zuciya. Ka sha wahalar fasa gida ka ɗebi sunaye? Su zo su ɗauki nawa, mu ga ko miya za su kaɗa da shi."

Muka yi ta dariya.

Ba a jima ba, wata rana da hantsi ina shanyar shinkafa, wayata ta yi ƙara. Namiji ne, Hausarsa tas. Ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi gida da yara, ya yi mini jajen ruwa. Bai yi gaggawa ba ko kaɗan. Ya ce daga kamfanin inji yake, saboda satar nan da aka yi suna so su kulle bayanaina kada a taɓa.

Na ce, "Kai wane ne? Ɗan gidan wa?"

Ya ce, "Haba Hajiya, ba ke ce haifaffiyar ƙasar Kirikasamma ba, 'yar wance?" Ya kama sunan Inna, cikakke, bai yi tuntuɓe ba.

Tun addu'ar da aka yi mata bayan rasuwarta ban sake jin sunan nan a bakin ɗan Adam ba. Sai da na zauna a kan buhu. Sunan uba na kasuwa ne, da shi ake kiranka a asibiti da wurin zaɓe, kowa ya san shi. Sunan uwa kuwa sai ɗan ɗaki. Baƙon da ya tsaya a ƙofar gida ya ambaci mahaifiyarki, ba a tsare shi da tambaya, tabarma ake shimfiɗa masa a kawo ruwa. Haka muka taso muka gani, kuma bai taɓa cutar da mu ba, domin a da ba a samun sunan uwar mutum sai an zauna da danginsa, an ci an sha da su.

Ya ce wata lamba za ta shigo wayata, in karanta masa. Ta shigo, na karanta masa tiryan-tiryan, har ina jin daɗi a raina ba sai na nemi mai karanta mini ba. Ya ce Allah ya jiƙan Inna. Na ce amin.

Akwai masu cewa wautata ce. Ban karɓa ba. Masu kamfani su suka ce in ba su sunan don tsaro, su suka kasa tsare shi. In mai ajiya ya bar ƙofa a buɗe, ba mai kaya ake tuhuma ba.

Ruwa ya ja baya. Na sa aka sassabe kacala, ciyawar nan mai cinye fadama, na yafa iri a ɗan fili kusa da ruwa ina ba shi da bokiti. Da ya fara tasowa na tafi ofishin kamfanin a cikin Haɗeja neman sabon inji. Jami'in saurayi ne mai ladabi. Ya danna, ya sake dannawa, sai na ga ya daina kallona.

"Mama, ana bin ki bashi."

"Wa ke bi na?"

"Wasu masu ba da rance ta waya. An karɓa da sunanki, ba a biya ba. Yanzu duk inda kika je neman kaya, jan layi za a gani a kanki. Ba zan iya ba ki inji ba."

"Ɗana, kalle ni da kyau. Na yi maka kama da mai cin bashi ta waya? Ni ko gishiri ba na karɓa sai ina kallon idon mai shi."

Ya juyo mini da kwamfutar. Ni ce. Hotona ne, da ɗankwalin da na ɗaura ranar rajista, na ɗan ɗaure fuska don ban saba da hoto ba. Ga matar nan tana kallona, kuma an ce maciyiyar amana ce.

Na ce zan kawo shaidu. Mai unguwa ya san ni, liman ya san ni, matan layinmu kaf za su zo in na kira su, har da waɗanda ba ma ga-maciji.

"Mama, ni na yarda da ke. Na'urar ce ba ta karɓar shaida."

Ya yi mini bayani a hankali, ban raina masa ba. Ya ce dole in kai ƙara wurin 'yan sanda, in yi rantsuwa a kotu cewa ba ni na karɓa ba, in je banki a canza mini lambobin sirri, sannan a kai ƙorafi ga masu tara bayanan su goge jan layin. Na ce yaushe za a gama? Ya ce yana ɗaukar lokaci. Na ce irina ya kusa isa dashe, in ya wuce ya tsufa ba zai yi 'ya'ya ba. Ya ce ya sani, shi ma ɗan manomi ne daga Miga.

Har na miƙe ya ƙara da abin da ya fi tsaya mini a rai. Ya ce ko an goge wannan, in riƙa sa ido, domin bayanan suna hannun mutanen nan, za su iya sake gwadawa bana ko baɗi, ko su sayar wa wasu.

Na fito ina juya maganar. Akuya in an sace ta, ko ta dawo ko an yanka, magana ta ƙare. Wannan satar ba ta ƙarewa. Abin yana wurinka, kuma yana wurin ɓarawo. Lambar sirri ana canza ta. To garin da aka binne cibiyata fa? Fuskata fa? A wane ofishi ake canza uwa?

Bayan la'asar na biya gidan Yaya. Mijinta na zaune a zaure yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Abokin wasana ne tun ina yarinya, kuma labari ya riga ni isa.

"A'a! Ga babbar mai cin bashi ta Jihar Jigawa! Amaryata, ashe kin yi kuɗi kika ɓoye mini?"

"Da na ci, ai da na sai maka haƙora."

"Waɗannan biyun sun ishe ni cin dukiyarki."

Ya biyo ni ciki. Da na gama ba su labari ya ce, "Wannan ai ba abin tayar da hankali ba ne. Yayarki ba ta taɓa cin bashin kowa ba. A yi rajista da sunanta, a karɓo inji, ki yi nomanki ki biya. In ba haka ba sai ki je ki durƙusa wa maƙwabcin gonarki ya ba ki ruwa da injinsa, ya kwashe rabin shinkafar. Kin san shi, ko inuwarsa ba a zama kyauta."

Kafin ya rufe baki Yaya ta shiga ɗaki. Ta fito da katinta na ɗan ƙasa naɗe a leda, ta cusa mini a hannu.

"Ungo, Auta. Ni me nake yi da shi? Yana nan kwance ƙasan akwati."

Mu mutanen aro ne. Turmi, rariya, zanen biki, jaki, kwalekwale, babu abin da ba a ara. Da kati ya zo sai muka sa shi a layin kayan aro. A unguwarmu mutane da yawa layin wayarsu da katin wani aka yi shi. Haka wurin rabon taki, haka wurin tallafin ambaliya. Hana aro rowa ce, ƙin karɓa kuwa raini ne, balle daga hannun yayarka a gaban mijinta. Na karɓa na yi godiya.

Na biyo ta kan jingar tare ruwa zuwa gida, rana ta yi sanyi, injinan mutane suna ta ruri a fadama. Ba zan ɓoye ba, raina ya kwanta da shawarar. Rabin shinkafa ba wasa ba ne. Abincin gidana ne na shekara, har da na jikokin da ke hannuna. Ga kati a ƙugu, jibi war haka ina iya jin ruwa yana gudu a tiyo.

Amma sai na tuna Yaya ba ta karatu. Duk saƙon da zai shigo wayarta, zane ne kawai a wurinta. Za su zaunar da ita su ɗauki hotonta, su tambaye ta sunan mahaifiya, su zuba a rumbun da aka riga aka fasa. Sannan wata rana mai daddaɗar murya zai kira ta. Yaya kuwa, in murya na shan fura, da ta dama mata. In tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonar, ko ruwa ya zo da wuri na kasa biya, jan layin a kanta zai hau, ita da ba ta san me ta ara ba. A ganinta turmi ne, a daka a dawo da shi. Mai bayar da abin da bai san girmansa ba, ban tabbata ya bayar ba.

Akwai kuma abin da na sani game da kaina. In inji ya tashi, ruwa ya kwanta a gona, ba zan taka kotu ba. Zan ce sai bayan dashe, sai bayan ciyawa, sai bayan girbi. In yi ta noma da sunan Yaya, nawa kuma yana can hannun ƙato yana yawo da shi gari-gari. Haka za a wayi gari kowa a gidanmu yana sanye da sunan wani, ni kuma da na sha wuya kafin in iya rubuta nawa, in bar wa ɓarawo shi don na kasa jure asarar kaka ɗaya.

Da gari ya waye na koma gidan Yaya kafin ta ɗora koko. Na sa mata katin a hannu na dunƙule yatsunta a kai.

Ta ce, "Kin raina abin hannuna ke nan."

"Ban raina ba, Yaya. Ya fi ƙarfin aro ne. Mayar da shi akwati. Kuma duk wanda ya kira ki a waya ya ambaci Inna, ko da kuka yake yi, ki kashe."

"In ɗan'uwa ne fa?"

"Ɗan'uwa ya san hanyar gida."

Ba ta ji daɗi ba, ko rakiya ba ta yi mini ba. Daga nan na wuce fadama, na tarar da maƙwabcin gonata yana zuba wa injinsa mai. Ya ce rabi. Na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce in je in tambayi kuɗin fetur. Muka ja, muka ja, bai sauka ba sai ɗan kaɗan, na ce na yarda, ya saki ruwa gobe in fara dashe. Sannan na wanke ƙafata a bakin kogi, na hau kan titi na tsayar da ɗan acaɓa. Ya ce ina zuwa, Mama? Na ce ofishin 'yan sanda, kuma ya jira ni, daga nan kotu za mu wuce.