Ranar da Arvid Ya Je da Ƙafarsa

A garinmu, can arewacin Minnesota, babu wanda ya taɓa jin Arvid Tollefson ya roƙi wani abu. Ya tuƙa motar 'yan makaranta har kansa ya yi fari, da ya ajiye aiki kuma ya koma share wa mutane dusar ƙanƙara a ƙofar gida ba tare da an sa shi ba. Idan tayarka ta yi faci, kafin ka gama tsaki za ka gan shi tsugune da jak. Amma shi, ko gishiri ne ya yi masa nisa a kan tebur, sai ya ci abincinsa lami. Matarsa Marlys takan ce ko aurenta bai nema ba. Ya dai yi ta gyara wa mahaifinta shinge, har tsohon ya gaji ya ce ya shigo ciki.

Ba wai ba ya karɓar alheri ba ne. Yana karɓa, amma a kan tsari, kamar kowa a nan. A yi maka tayi, ka ce a'a, kada a wahala. A sake, ka ce ai babu komai. Sai a na uku ka ce to, tunda an matsa. Haka muka taso, kuma ba a taɓa cutar kowa ba, don mai tayin ma ya san inda za a tsaya.

Hitar da ke ɗumama gidansu mai gas ce, tana ɗakin ƙasa. A cikinta akwai wata 'yar fanka da ke fara juyawa kafin wuta ta kama, ta zuƙe hayaƙi ta tura shi waje ta bututu. In ba ta juya ba, hitar ba ta yarda ta kunna. Tun shigowar sanyi fankar take wani siririn kuka, har Marlys ta yi magana.

"Waƙa take yi," in ji Arvid.

"To, Allah ya sa ba ta bankwana ba ce."

Wata safiya a tsakiyar Janairu waƙar ta ƙare. Ranar kuwa Marlys ce ke da karɓar matan coci masu ɗinkin bargo. A cikinsu akwai Bernice Halvorsen, wadda in ta ji labari da azahar, kafin la'asar ya kai gidan man da ke bakin gari.

"Bayan abincin rana za su zo," in ji Marlys, tana sanye da rigar sanyi a kan rigar sanyi. "In gidan nan bai yi ɗumi ba, gidan Bernice za mu koma. In ta tambaye ni dalili, ba zan yi ƙarya ba, tsoho."

"Ai sanyin bai kai can ba," in ji shi, tururi na fita daga bakinsa.

Ya sauka ƙasa da tocila. A gaskiya Arvid ba ya aikin gaggawa. Ya kashe gas, ya kashe lantarki. Ya zare siririn tiyon da ke jikin fankar ya hura, babu ruwa a ciki. Ya mayar da lantarki ya kasa kunne. 'Yar fitila ja ta shiga ƙyaftawa, injin fankar ya yi ta gurnani a wuri ɗaya, ko motsi. Ya sake kashewa, ya taɓa, zafi kamar an sauke tukunya. Ya tura fankar da yatsa, ta cije. Boris ɗin da take juyawa a kansa ya cinye. Ya ɗiga mata mai duk da ya san ba irin wadda ke shan mai ba ce, ya jira, ya sake turawa. Ya buga waya shagon kayan gyara, aka ce sabuwar fanka sai mako mai zuwa. Don dai kada ya zauna haka, ya fita ya durƙusa a gefen gida yana leƙa bakin bututu, ko tsuntsu ya yi sheƙa.

A nan sabon maƙwabcinsa ya same shi. Carmine Esposito ya taso daga New Jersey da bazara don ya zauna kusa da 'yarsa. Gyaran hita ne sana'arsa tun yana saurayi, kuma garejinsa cike yake da kayan da ya kasa rabuwa da su. Mutumin kirki ne, sai dai yana magana kamar yana kiran wani a tsallaken kogi.

"Dattijo, bututunka ba ya tururi! Ta mutu ke nan?"

"Tana ɗan hutawa."

"Hutawa! A wannan sanyin? Mu je in gani." Ya riga mai gidan sauka. Ya tura fankar sau ɗaya, ya karanta lambar da ke jikinta. "Wannan ta gama nata. Ina da irinta sak a gareji, sabuwa a kwali. In kawo in ɗaura maka?"

Wani daɗi ya ratsa Arvid har tafin ƙafa. Ya gyara murya ya ce, "A'a, kada ka wahalar da kanka."

"To, shi ke nan," in ji Carmine. Ya dafa kafaɗarsa, ya hau matakala, ya tafi.

Arvid ya tsaya da tocila a hannu. Ya riga ya shirya a'a ta biyu, tana nan a bakinsa, babu wanda zai ba. Ya jira ko mutumin zai juyo daga ƙofa. Sai ya ji ƙarar rufe ta.

Marlys tana tsaye a saman matakala. "Sau nawa ya tambaya?"

"Sau ɗaya."

"Bawan Allah. Ba ɗan nan ba ne." Ta dubi agogo, ta koma yankan kek.

Arvid ya ɗauki shebur ya tsallaka titi. Ƙofar Carmine a share take tun safe, shi Arvid da kansa ya share ta, amma ya sake bi. Da Carmine ya leƙo, suka yi maganar sanyi. Suka yi maganar tayoyin hunturu. Arvid ya yaba girman garejin, ya ce amma da alama kaya sun yi masa yawa.

"Matata ma haka take faɗa."

"In mutum yana da wani kwali da ke tare masa wuri," in ji Arvid, yana kallon shebur, "ai ba za a rasa mai rage masa ba."

"Wane kwali? Duk ina son su."

A can tsallake, Marlys ta ɗaga labule, wayar gida a hannunta, ta ɗaga ta sama yadda Arvid zai gani da kyau, alamar za ta kira Bernice.

Carmine ya dube shi, ya dubi tagar. "Tsaya. Fankar nan kake nufi? Ai ka ce ba ka so!"

"Na ce kada ka wahala."

"Ni wahala ta dame ni? Abokina, kana so ko ba ka so?"

Waɗanda suka san Arvid sun ce da ramin ƙanƙara aka nuna masa a tafki aka ce ya faɗa, da ya fi masa sauƙi. Ya cire safar hannu, ya mayar. Kunnuwansa suka yi ja, ba don sanyi ba.

"Ina so," in ji shi, a hankali, kamar mai gwada sabon takalmi. "Don Allah."

"To me ya hana ka faɗa tun ɗazu! Mutanen garin nan za ku kashe ni."

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Arvid ya riƙe tocila, ya miƙa sukudireba, sau biyu ma ya nuna wayar lantarkin da aka kusa mantawa. Suka buɗe gas, suka mayar da lantarki. Sabuwar fankar ta tashi da wani lallausan huci, aka ji ƙas, sai ga shuɗiyar wuta ta jeru. Suka tsaya suna kallonta kamar ba su taɓa ganin wuta ba.

Matan suka iso gidan bai gama ɗumi ba. Bernice ta tsaya a zaure da rigarta, ta shaƙi iska, ta ga baƙon mutum zaune a kicin da kofi.

"Arvid, an ce hitarku ta ba da matsala."

Ba wanda ya san wa ya ce. Carmine ya buɗe baki zai amsa, Arvid ya riga shi.

"Fankar hayaƙi ce ta cije. Maƙwabci ya ba ni wata, ya ɗaura."

"Allah sarki. Ya sha fama kafin ka yarda, na sani."

Ga hanya an buɗe masa, kuma babu wanda zai ƙaryata shi. Arvid ya dubi takalmansa.

"Bai matsa ba. Ni na je na roƙa."

Bernice ta nemi kujera ta zauna, ba ta ko cire rigar ba.