Uban da Ya Kwance Igiya

Kun gan shi, kada wanda ya ce mini bai gan shi ba. Kullum da hantsi yakan bi ta gaban rumfunanku a nan Tudun Marke, yana jan ƙafar hagu, ya yi sallama, ku kuwa sai kowa ya sunkuya yana gyaran bakin buhu kamar ba mutum ne ya wuce ba. Wata goma sha huɗu ke nan kuna yi wa Malam Maharazu haka. Wata goma sha huɗu ke nan kuma Buba, makiyayin da rugarsa ke bayan rafi, yana gidan yari a kan kisan da mutum takwas a cikinku suka san ba shi ya yi ba. Ranar Talata za a yi zaman ƙarshe na jin shaidunsa. Har yau ba shi da ko ɗaya.

Tun da kun ƙi kallon dattijon, bari in faɗa muku abin da yake yi a bayan idonku.

Idan ya dawo sallar asuba, tsintsiya yake fara ɗauka ya share gindin ɗorawar ƙofar gidansa. Ranar Alhamis sai ya jawo benci uku ya jera, ya jingina allon katako a jikin bishiyar. Nan ne ajinsa. A da, bayan la'asar sai wasu sun zauna a ƙasa don rashin wuri. Yanzu kaji ke hawa bencin, amma bai taɓa fasa jerawa ba. Ranar zaman kotu kuwa, tun kafin rana ta yi zafi ya hau bayan mai babur zuwa cikin gari da ƙullin fura a jaka, domin cikin Buba ya kasa sabawa da abincin gidan yari. Sau goma sha ɗaya aka ɗage shari'ar, sau goma sha ɗaya yana zaune a layin baya. Shekararsa sittin da bakwai, ga ciwon suga ya ci masa ƙafa. Kuma wanda ake tuhumar Buba da kashewa, ɗansa ne na fari, Mannir.

Shekara talatin da biyar ya yi a aikin ɗan sanda, ya yi ritaya yana Sufeto. Ba ya ɓoye wa kowa cewa a ƙuruciyarsa mai saurin hannu ne. Sai aka tura shi Laberiya aikin kiyaye zaman lafiya bayan yaƙinsu. A can aka yi masa horo kan haƙƙin ɗan Adam, aka ba shi ajin sababbin kurata ya koyar. Wata rana yana tsaye yana karanta musu cewa ba a azabtar da wanda aka kama, ba a kuma ɗaukar mutum mai laifi sai kotu ta tabbatar, sai wata kurtu ta ɗaga hannu. Yarinya ce da aka kashe mata uba a wani shingen mayaƙa. Ta ce, "Malam, a ƙasarku haka kuke yi?"

Ya ce, "Haka muke yi."

Da bakinsa ya ba mu wannan labari a gindin ɗorawa. Ya ce, "Ƙarya na yi mata, ta kuwa sunkuya ta rubuta a littafinta. A nan take na tuna wani mai faci da na mara a Funtua har kunnensa ya mutu. Na ce, Maharazu, ka zama inuwar giginya, na nesa ka sha." Da ya dawo gida, sai da ya nemo mai facin nan ya roƙi gafara. Ya ce mana dole ta sa ya zagaya ta ɗaya kunnen ya maimaita, don ta wanda ya lalata ya fara magana.

Bayan ritaya ya zauna ya mayar da abin da ya koyo zuwa Hausar da tsohuwa za ta gane. Ba wata ƙungiya da ta sa shi. Mata sukan zo da tambayar gadon gona, ƴan acaba da tambayar abin da za su yi idan an ƙwace babur ba takarda. Da ƴan bindiga suka addabi yankinmu, gari ya kafa ƴan sa-kai, sai ya aika aka kira masa su.

Duk wanda ya halarci darasin ranar nan yana tuna shi. Ɗanjuma mahauci, shugaban ƴan sa-kai, ƙato ne mai faɗin ƙirji, ya miƙe ya ce, "Baba Sufeto, wannan karatu na Turawa ne. Ɓarawo ba ya faɗin gaskiya sai ya ji a jikinsa."

"Haka ne? Miƙo igiyar nan ta ƙugunka."

Ya sa aka ɗaure Ɗanjuma irin ɗaurin da su ke yi wa waɗanda suka kama, gwiwar hannu ta haɗu da ƴar'uwarta ta baya. Ya koma kujerarsa, ya ɓare goro, ya ce, "Ina akuyata?"

"Wace akuya, Baba?"

"Ja, mai farin goshi."

Ɗanjuma ya yi dariya. Kafin Malam ya cinye ɓarin goron dariya ta ƙare, gumi ya fara zuba. "Baba, don Allah a kwance, na gane karatun!"

"Ina akuyata?"

"Na sayar!"

"Wa ka sayar wa?"

"Wani mutumin Bakori! Har da ƴaƴanta biyu!"

Sai ga muryar Tasalla, matar Malam, daga cikin zaure: "Malam, yaushe muka yi akuya a gidan nan ban sani ba?"

Har da masu faɗuwa daga benci don dariya. Malam ya kwance shi, ya murza masa kafaɗu, ya ce, "Kun gani? Igiya ba ta san gaskiya ba. Abin da mai riƙe da ita ke son ji, shi take fitarwa." Shekara biyu bayan wannan darasi ba a kashe kowa a kasuwarmu da sunan zargi ba. An kama mutane, wasunsu ɓarayi ne na gaske, an miƙa su hannun hukuma da ransu.

Sai ranar da aka harbe Mannir. Yana tsinkar auduga a gonarsu da hantsi ƴan bindiga suka ratso, suka nemi tafiya da shi, ya ƙi. Ya bar mata da yara biyu. Ban manta ba cewa garin nan ya binne mutum goma sha uku a damina biyu, kuma na san abin da fushi ke yi wa zuciya. Amma ku ma kada ku manta da abin da kuka gani ranar sadakar uku.

Muna zaune a kan tabarmi ana karɓar gaisuwa, sai ga ƴan sa-kai sun shigo da Buba a ɗaure, fuska a kumbure. Hujjarsu ita ce an ga sawun shanu kusa da gonar, kuma rugarsa ce mafi kusa. Ɗanjuma ya durƙusa ya ce, "Baba, mun kawo maka shi. Ya amsa. Kai ne mai jini, abin da ka ce shi za a yi."

Malam ya daɗe yana kallon hannayen Buba. Sannan ya ce, "Ya amsa kafin ɗauri ko bayan ɗauri?"

"Baba, da bakinsa fa ya amsa."

"Kai ma da bakinka ka amsa ka sayar mini da akuya."

Ba wanda ya yi dariya. Ɗanjuma ya ɗaga murya, idonsa cike da hawaye: "Baba, yau ba ranar darasi ba ce. Mannir ne fa!"

"Na fi ka sanin ko wane ne. Ni na yi masa huɗuba."

Ya dafa ƙasa ya miƙe. Ƙullin ya shige cikin naman Buba, sai da ya sa haƙori ya kwance. Aka kawo ruwa, yatsun Buba suka kasa riƙe moɗa, shi ya riƙe masa ya sha. A lokacin ne Tasalla ta fito tsakiyar maza, abin da ba ta taɓa yi ba. Shekara talatin da ɗaya ba ta kira sunan yaron nan ba saboda kunyar ɗan fari. Ranar ta kira. Ta ce, "Mannir na cikin ƙasa, kai kana shayar da wanda ya kashe shi?" Malam ya ɗora Buba a babur tsakaninsa da mai tuƙi, don duk wanda zai kai sara ta baya ya fara samun shi Malam, ya kai shi hannun hukuma.

Tun daga ranar kuka raɗa masa suna lauyan ɓarayi. Kuka janye ƴaƴanku daga ajinsa. Wasunku har cewa suke yi bai san zafin haihuwa ba. Ni na gan shi tsaye a bakin gonar nan yana kallon audugar da ta bushe a jikin itace, ba wanda ya tsinka. Kada wanda ya sake faɗin wannan magana a gabana.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, amsawar da igiya ta fitar ta bi Buba har cikin takardun tuhuma. Sai daga baya Barakatu, matar Buba, ta zo masa da goyo ta faɗi abin da ba wanda ya tsaya ya tambaye ta. Ranar da aka harbe Mannir ranar kasuwar Musawa ce. Tun bayan asuba Buba ya shiga motar Kabiru direba da raguna biyu, bai dawo ba sai bayan la'asar. Ta lissafa masa mutanen garin nan da ke cikin motar, su bakwai, direba na takwas.

Gida gida ya bi su, uban mamaci yana roƙo a wanke wanda ake zargi. Wani ya ce ya manta. Wani ya aiko yaro ya ce ba ya nan, alhali takalminsa na bakin zaure. Da ya sami Kabiru a tasha yana wanke mota, cewa ya yi, "Baba, ni direba ne, gaba nake kallo."

"Wa ya ɗaure ragunan a saman mota?"

Kabiru ya ci gaba da matse tsumma. Can ya ce, "Baba, ina da iyali. Gobe a ce mini infoman ƴan bindiga, wa zai tsaya mini?"

"Ni."

"Kai wa ya tsaya maka?"

Malam ya juya ya tafi. Ya ce mini daga baya yaron bai yi ƙarya ba.

Tasalla ta yi kwana arba'in ba ta yi masa magana ba. Yau ita ke kirɓa furar da yake kai wa gidan yari. Na tambaye ta, ta ce, "Ɗan nan, ban ce ina son ganin fuskar Buba ba. Amma idan ba shi ba ne, to wanda ya kashe mini ɗa yana can yana shan iska, mu kuma mun kulle wani muna cewa mun huce." Uwar da aka yi wa rashi ta kai nan. Ku da ba ku rasa kowa a gidan ba, me ya tsayar da ku?

Makon jiya na raka Malam ziyara gidan yari. Buba ya rame, hannunsa na dama har yanzu ba ya rufuwa. Ya tambayi shanunsa, Malam ya kawar da zancen, don an sayar da rabi. A hanyar dawowa ya ce mini, "Ranar da na kai shi hannun hukuma, a kan babur na ce masa, kada ka ji tsoro, doka za ta kare ka. Na riga na yi wa wata yarinya ƙarya a ƙasar mutane. Ba na so in mutu da ta biyu a garinmu."

Malam Maharazu, kai ne ka nuna mana cewa karatun nan ba na allo ba ne kawai. Da yawa mun iya jero haƙƙin ɗan Adam a ɗakin taro, da kwalbar ruwa a gabanmu. Kai ka biya darasinka a kan tabarmar makokin ɗanka. Kai ne bangon da mara gata ya jingina a ranar da gari duka ya zama wuƙa. Ba mu ba ka lambar yabo ba, sallamarka ma mun hana ka amsarta. Ka yafe mana. Allah Ya jiƙan Mannir, Ya raya abin da ya bari, Ya ba ka lafiyar ƙafa, Ya saka maka da abin da mu muka kasa.

Amma godiya ba ta buɗe ƙofar gidan yari. Lauyar da ke tsaya wa Buba kyauta ta ce mutum biyu sun isa. Biyu, cikin takwas.

Kai da ka zauna a kujerar gaba ka yi ta yi masa tsiya a kan ƙahon ragonsa, da kai nake. Ke da kika miƙa masa gyaɗa a hanya, da ke nake. Kai da ka kama masa ƙafar rago kuka sauke a Musawa, ka san kanka. Tsoronku na gane shi, tsoron zama kai kaɗai ne. To sauran mutanen gari, wannan aikinku ne: liman, mai unguwa, malaman makaranta, har da kai Ɗanjuma, da ka fi kowa sanin abin da igiya ke sa mutum ya faɗa. Ku raka su. Ba a kiran mota guda cike da mutane infoma.

Talata, ƙarfe tara na safe. Ku tashi ku je ku faɗa wa alƙali inda kuka ga Buba.